Gwiwa Ta Yi Ƙara a Randori, Ga Gasa Ta Matso: Ina Mafita?

Tambayar ta wani matashi ce ɗan shekara 24, mai aikin sauke buhunan albasa a kasuwar Mile 12. Ya ce da kokawa ya tashi a garinsu, da ya zo Legas wani abokinsa ya kai shi wani kulob ɗin judo a wajajen Surulere, yanzu watansa bakwai yana zuwa. A cewarsa, in aka shiga randori, wato gwabzawar da ake yi bibbiyu a wurin horo, "kamar faɗan gaske ake yi, manya ba sa raga mini, ni ma kuwa ba na yarda bayana ya taɓa ƙasa." Yatsunsa sun kumbura, kafaɗarsa tana damunsa. Makonni uku da suka wuce wani ya zagayo ta bayansa zai kayar da shi, ya turje, gwiwar dama ta yi ƙara, kafin dare ta kumbura suntum. Ya je wurin mai ɗori, kumburin ya sauka, amma in yana saukowa daga gadar tsallaka titi sai ya ji ƙafar tana neman zame masa. Akwai gasa nan da makonni shida, wani kuma ya ba shi ƙwayoyin da ya ce za su riƙe shi. Yana son ya san ko ya shiga gasar, da kuma irin ƙarfin da ya kamata mutum ya sa a randori.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Gasar nan ka cire ta daga ranka. Da wannan na fara don kada ka karanta sauran kana laluben ko na bar maka wata ƙofa. Ban bari ba.

Abubuwa ukun da ka ambata, ƙara a lokacin da abin ya faru, kumburi cikin 'yan sa'o'i, da zamewar ƙafa bayan ciwon ya lafa, duk wanda ya daɗe a kan tabarmar judo ya san inda suka dosa. A can tsakiyar gwiwa akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna, su ke ɗaure ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri. Ta gaban, wadda likitoci ke kira ACL, ita ke hana ƙwauri zurmawa gaba ko murɗewa. In ta tsinke jini ne ke taruwa a cikin gaɓar, shi ya sa kumburin ke zuwa da wuri haka. Ban ce lallai ita ce ba, domin ba a yanke wannan hukunci daga nesa. Tana iya kasancewa jijiyar gefen ciki ce, ko guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan, ko ma biyu sun haɗu. Amma alamun sun isa a ce sai likitan ƙashi ya taɓa ta kafin ka sake sa rigar judo.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne ciwon yana wucewa. Bayan mako biyu ko uku kumburi ya sauka, mutum yana tafiya, yana iya ɗan gudu ma, sai ya ce ai ya warke. Kai ka san baron da ƙusar tayarsa ta kwance: in hanya miƙaƙƙiya ce zai tafi lafiya lau, sai an zo shan kwana da kaya niƙi-niƙi yake ba da kunya. Judo kuwa gaba ɗayansa shan kwana ne a kan ƙafar da ka dasa a ƙasa. Duk zamewar da gwiwar ta yi, guringuntsi ne ke gugewa ko yagewa, shi kuwa ba ya dawowa yadda yake. Da yawa daga cikin tsofaffin 'yan wasan da kake gani suna ɗingishi tun ba su kai hamsin ba, ba faɗuwar farko ce ta gama da su ba, komawar da suka yi ta yi a kan gwiwar da ba a duba ba ce.

Asibitin ƙashi na Igbobi a kan titin Ikorodu yake, titin nan da kake bi daga Mile 12 in za ka shiga gari. Akwai kuma asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba, unguwar da ba za ka rasa ɗan'uwan da zai raka ka ba, da asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja. Likita zai riƙe cinya ya ja ƙwauri, hannunsa kaɗai yakan gaya masa abubuwa da yawa. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiya, don haka in aka ce maka "babu karaya" kada ka ɗauka an ce babu komai. MRI, hoton da ke nuna nama da jijiyoyin cikin jiki, shi ne ke nuna ta, yana da tsada, ka bari likita ya ce ana bukatarsa kafin ka zuba kuɗinka. Jijiyar gefen ciki galibi takan haɗe da kanta cikin wata ɗaya da rabi zuwa uku, in an tallafe ta an kuma yi gashin ƙashi yadda ya kamata. ACL ba haka take ba. Wasu suna rayuwa lafiya ba tare da aiki ba in sun ƙarfafa cinya sosai, amma wanda zai koma wasan murɗa ƙafa sau da yawa aiki ake ba shi shawara, bayan aikin kuma ana maganar wata tara zuwa shekara kafin gasa.

Ba na raina masu ɗori. Sana'ar gado ce, kowannenmu ya san wanda aka ɗora ya tashi. Sai dai jijiyar da ke can cikin gaɓa hannu ba ya kai mata, ja da shafa ba sa ɗinke ta. Kumburin da ya sauka, da ka zauna a ɗaki ma zai sauka.

Ƙwayoyin da aka ba ka kuma, in tiramadol ne, ka mayar wa mai su. Ciwo shi ne mai gadin da ke hana ka dasa ƙafar ka murɗa, in ka kwantar da shi barci babu mai hana ka ƙarasa ɓarnar. Ban da haka yana kama jiki, in ya yi yawa yana sa farfaɗiya, kuma tun daga 1 ga Janairun 2024 hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta haramta shi a lokacin gasa. Diklofenak da ibufurofen da ake saye a kemis kamar gyaɗa su ma ba abin sha kafin horo ba ne. Mutumin da ke zubar da gumi irin na Legas, bai sha isasshen ruwa ba, ga su a cikinsa, ƙodarsa yake wahalarwa, ban da gyambon ciki.

Na san labaran da za a kawo maka. Za a ce Toshihiko Koga ya ci zinare a Basalona a 1992 da gwiwa a lalace, Yasuhiro Yamashita kuma ya ci nasa a Los Anjalas a 1984 da tsokar sharaɓa a yage, yana ɗingishi ya kayar da Mohammed Ali Rashwan na Masar a wasan ƙarshe. Gaskiya ne duka. Amma waɗannan gasar Olamfik ce a gabansu, wadda suka ƙare ƙuruciyarsu suna jira, da likitocin tawaga a kansu, kuma babu ɗayansu da zai wayi gari ya ɗora buhun da ya kai nauyinsa a kafaɗa don ya ci abinci. Kai da gwiwar nan kake neman na tuwo. Sannan akwai abin da masu ba da labarin Koga ba sa ƙarasawa: a ina ya ji ciwon? A randori, kwanaki kaɗan kafin gasar, da Hidehiko Yoshida, wanda ke ajin kilo 78 alhali shi Koga yana 71. Ko a wannan mataki, gwabzawa da wanda ya fi ka nauyi ana gab da gasa ta kusa raba gwani da abin da ya zo nema. Gasa dai ba ta ƙarewa. Judo wasan shekaru ne, har gadonsa ake yi: Catherine Ekuta ta wakilci Nijeriya a Atens a 2004, 'yarta Enku Ekuta ita ma ta taso tana wakiltar Nijeriya a judo.

To, ga maganar ƙarfi a randori, wadda ita ce tushen duk ciwon da ka lissafa.

Jumlar da ta fi tsaya mini a wasiƙarka ita ce wadda ka ce ba ka yarda bayanka ya taɓa ƙasa. Na fahimce ka. A filin kokawa da zarar ka kai ƙasa an gama, makaɗa sun juya wajen abokin karawarka, 'yan garinku sun sunkuyar da kai. Jikinka ya koyi turjiya tun kana yaro, kuma wannan tarbiyya ta ba ka abubuwan da wasu ke shekaru suna nema: ƙugu mai ƙarfi, sanin inda nauyin mutum ya karkata, rashin tsoron riƙo. Amma a wurin horon judo turjiyar nan ita ke karya mutane. Jigoro Kano, wanda ya ƙirƙiro judo, ya kafa makarantarsa ta Kodokan a Tokiyo a 1882, abin da ya yi shi ne ya ware dabarun da ke illata mutum daga horon yau da kullum, ya kuma sa koyon faɗuwa, wato ukemi, a gaban komai, don mutane su iya gwada juna yau su dawo gobe su sake. Ba a ƙirga maki a randori. Babu alƙali, babu kofi. Wanda aka kayar sau goma a dare ɗaya yana gwada sabuwar dabara ya fi wanda ya ƙage hannuwa, ya tura ɗuwawu baya, ya fita yana murna ba a kayar da shi ba, ƙaruwa nesa ba kusa ba.

Ka duba yadda rauni ke faruwa. In an riga an karya maka tsayuwa, nauyinka ya bar ƙafafunka, faɗuwa ta wajaba. Abin da ya rage kawai shi ne wace gaɓa ce za ta biya. In ka bi, ka dunƙule haɓa a ƙirji, ka doki tabarma da hannu, duk faɗin bayanka ne ya raba bugun, ka tashi kana dariya. In ka dasa ƙafa ka turje, gwiwa ce za ta ɗauki nauyin mutum biyu a karkace. In ka miƙa hannu ka dafa ƙasa, gwiwar hannu ce ko kafaɗa ko ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji. In ka juya a sama don kada ka faɗi da baya, sai ka sauka a kan ƙoƙon kafaɗa, watakila ma daga nan ciwon taka kafaɗar ya samo asali. Daga yadda ka bayyana, ina zaton dabarar da aka yi maka tani-otoshi ce. In mai yin ta ya iya, ƙasa yake zamewa a bayanka, ƙafarsa a miƙe, ya ja ka ka zube. In bai iya ba sai ya zauna a gefen gwiwarka da duk nauyinsa. Shi ya sa a wurina mai farar ɗamara, wato sabon shiga, ba ya yin ta a randori, ba a kuma yi masa. Akwai wata mai kama da ita a haɗari, kani-basami, inda mutum ke tsalle ya maƙale ƙafafun ɗan'uwansa kamar almakashi. Da ita Sumio Endo ya karya ƙafar Yamashita a 1980, daga baya aka hana ta a gasa.

Yanzu wane irin ƙarfi? Ga yadda nake raba wa ɗalibaina, kuma wannan ra'ayina ne na mai koyarwa, wani kocin zai iya ɗan bambanta da ni. Mafi yawan randori, a ce huɗu cikin biyar, ya kasance a rabin ƙarfinka ko ɗan sama da haka. Ba ka bukatar ma'auni don ka gane kana nan. Numfashinka yana fita, ba ka danne shi ba. Kafaɗunka a sake suke. Kana kai hari a kai a kai, wani ya ci wani ya faɗi. Kana kayarwa ana kayar da kai. In an tafa an ce a canza, kana da sauran da za ka shiga zagaye na gaba. Sassauci kuma ba sanyin jiki ba ne, mutane suna rikita waɗannan biyun. Ƙafa ta yi sauri, shiga ta yi sauri, abin da ake ragewa shi ne ƙagewar hannu, da turjiya bayan an riga an ci ka, da ƙoƙarin ƙarasa dabarar da ta lalace da ƙarfin tsiya.

Randori mai zafi, irin na minti huɗu kamar yadda ake yi a gasa, yana da wurinsa. Wanda bai taɓa ɗanɗana shi ba ranar gasa zai sha mamaki, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. Amma na masu shirin gasa ne, sau ɗaya ko biyu a mako, tsakanin mutanen da nauyinsu da gwanintarsu suka yi kusa, koci yana tsaye yana kallo, fili kuma ya isa. Ana daina shi kamar mako ɗaya ko kwana goma kafin gasa. Mai wata bakwai bai kai nan ba. Abincinka yanzu ukemi ne har ya zama ba ka tunaninsa, da ucikomi, wato maimaita shiga dabara ba tare da kayarwa ba, da nagekomi inda ake kayarwa bisa yarjejeniya, sai randori mai sauƙi da manyan da suka san abin da suke yi.

Na ce manyan da suka san abin da suke yi, domin a nan laifin ba naka ba ne kai kaɗai. A al'adar judo lafiyar ƙarami a wuyan babba take. Mai baƙar ɗamara, wato gwani, na gaske in ya kama sabon shiga yakan kayar da shi a tsabtace, ya riƙe hannun rigarsa ya ɗago don kada kansa ya bugu, ya kuma bar masa ƙofa ya gwada tasa. Wanda ke tumurmusa sababbi ko dai bai ƙware ba ko yana da wata cuta a zuciya. Sai dai in faɗa maka abin da su ba za su faɗa maka ba: tsohon ɗan kokawa mai ƙarfi, wanda ya ƙage yana fizga, shi ne mutumin da manya suka fi jin tsoron ya ji musu ciwo, sai su ma su ƙara wuta don su kare kansu. Kai ka ƙara, su su ƙara. Gwada ka saki jiki ka ga yadda da yawansu za su sauko. Kafin a fara, bayan kun rusuna wa juna, ka ce masa a hankali kake so, ko kana da ciwo a wuri kaza. Babu abin kunya a nan. Wanda ya ji wannan ya ƙi sassautawa, ka daina kama shi, ko da shi ne zakaran kulob ɗin. In kocin da kansa ne ke ganin rauni alamar jarumta, Legas ba ta rasa wani wurin horon.

Lokutan da na fi sa ido su ne zagayen ƙarshe, lokacin da ƙafa ta mutu amma zuciya ba ta yarda ba, da sa'ar da aka kayar da wani a gaban jama'a ya tashi ido jajur yana neman ramuwa, da kuma haɗuwar sababbi biyu masu nauyi. Tabarma ma tana da nata rabon. Wurare da yawa siririyar katifa ce a kan siminti, wasu guntayen sun rabu da juna, ramin da ke tsakaninsu yana kama babban yatsa. Gumi yana sa santsi. In fili ya cika, ƙafarka ba ta tsira daga mutumin da wasu can suka jefo ba. Gara a raba mutane gida biyu, rabi su huta rabi su yi.

Akwai rauni ɗaya da ba na sassautawa a kansa ko kaɗan, shi ne bugun kai. Wani malamin jami'ar Nagoya, Ryo Uchida, ya tattara bayanan ɗaliban makarantun Japan da suka mutu a judo tun daga 1983, ya samu sun haura 100 cikin ƙasa da shekara 30. Da yawansu sababbin shiga ne 'yan shekarar farko, abin da ya fi kashe su kuma zubar jini ne a cikin kai. Dabarun da ke kai mutum ta baya, irin su osoto-gari, su ne suka fi doka ƙeya a ƙasa in wuya bai yi ƙwari ba. Wannan a ƙasar da ta haifi wasan ke nan. Duk wanda kansa ya bugu ya tashi yana jiri, ko yana ganin dishi-dishi, ko ya manta abin da ya faru, ya gama na ranar, ko da ya rantse ya warware. Ba sai ya suma ba. In ciwon kan yana ƙaruwa, ko ya yi amai, ko barci yana fizgarsa, ko maganarsa ta karkace, asibiti za a nufa a daren, ba gida ba. Kada a bar shi ya kwana shi kaɗai. Komawa horo kuma sai alamun sun ɗauke gaba ɗaya, a fara da motsa jiki mara bugu, a riƙa ƙarawa kwana bayan kwana, domin bugu na biyu a kan wanda bai warke ba shi ne mugun. In aka shaƙe ka ko aka murɗa maka gwiwar hannu kuwa, tafa sau biyu da wuri, alamar ka sallama a sake ka. Shaƙar da ta kama da kyau cikin daƙiƙa kamar goma take sumar da mutum.

Yatsu: riƙon mutuwa kake yi wa riga. In aka fizge, ka saki ka sake kamawa. Yatsan da ya yi targaɗe a haɗa shi da maƙwabcinsa da filasta. Amma in kan yatsa ya ƙi lanƙwashewa bayan an fizge riga daga hannunka, musamman na kusa da ƙaramin, jijiya ce ta ɓalle daga ƙashi, aikin likita ne cikin kwanaki, ba makonni ba. In kuma ya langaɓe ya ƙi miƙewa, ana ɗaure shi a miƙe har mako shida zuwa takwas. Kafaɗarka ka nuna wa likita ranar da ka kai gwiwa. Haƙarƙari in ya bugu yakan ci kamar mako shida. Kunne in ya tara jini a zuƙe shi da wuri kafin ya daskare. Makero kuwa daga tabarma da rigar da ba ta bushe ba ake kwasarsa, a damina sai ka yi da gaske.

Ka koyi raba tsamin jiki da rauni. Tsami a tsoka yake, a ɓangarori biyun, ya fi tsanani a rana ta biyu, yana sakin ka in jiki ya ɗumama, cikin kwana uku ko huɗu ya tafi. Da shi ana horo. Rauni a wuri ɗaya yake wanda za ka iya nunawa da yatsa, sau da yawa a gaɓa, yana ƙaruwa in ka ci gaba, yana zuwa da kumburi ko rashin ƙarfi. In sabo ne, kwana biyu zuwa ukun farko ka huta da wurin, ka ɗaga shi sama, ka naɗe da bandeji ba da matsewa sosai ba, ka ɗora ledar fiya wata mai ƙanƙara a cikin tsumma na minti 15 zuwa 20. Gashi da ruwan zafi, da man zafi, da murza da muka saba, a waɗannan kwanakin kumburi suke ƙarawa, sai daga baya suke da amfani. Idon sawun da ba ka iya taka shi taku huɗu ba, ko ƙashin da kansa ke ciwo in an danna, a ɗauki hoto.

Wani abin da kocinka ba lallai ya lissafa ba shi ne aikinka. Abokin horonka da ya wuni a aji ko a ofis da hutaccen jiki yake zuwa. Kai ka tashi tun kafin asuba ka tari motocin Arewa, ka sauke kaya, ka sha cunkoson Ketu da Ojota, sannan ka hau tabarma. Jiki ba ya bambance buhu da abokin karawa, duk nauyi ne. Ranar da kasuwa ta yi zafi, horonka ya zama na dabara kawai. Kwana uku a mako sun ishe ka. Barcin da bai kai sa'a bakwai ba a gaɓoɓi ake biyan bashinsa. Zafin Legas ga laima, gumi ba ya bushewa a jiki balle ya sanyaya shi, ga rigar judo mai kauri, don haka sha ruwa kafin ƙishi ya zo, fitsarinka ya zama ma'auninka. Da zazzaɓi a jiki ba a horo sam, kuma bayan zazzaɓin cizon sauro ka ba jiki kwanaki kafin a fara jefa ka. Da azumi horo mai nauyi sai bayan an sha ruwa abinci ya faɗa. In nauyinka ya faɗo tsakanin aji biyu, a ce 73 da 81, ka hau na sama, kada wani ya sa ka naɗe leda kana gudu a rana.

Zaman jinya yana da nasa ciwon da ba na jiki ba. Za ka ga waɗanda kuka fara tare sun canza ɗamara, ka ji kamar an bar ka a tasha. Masu ɓacewa gaba ɗaya a wannan lokacin su ne ba sa dawowa. Ka riƙa zuwa ko sau ɗaya a mako ka zauna a gefe. Daga gefe ake ganin abin da ba a gani a ciki: yadda gwani ke taku, lokacin da yake shiga, yadda hannunsa yake a sake har sai daƙiƙar da ya bukace shi. Ka samu tsohon tub na keke ka ɗaura a ƙarfen taga, kana zaune kana jan hannu in kafaɗar ta yarda. Atisayen da mai gashin ƙashi zai ba ka, na matse cinya da ɗaga ƙafa a miƙe da tsayuwa da ƙafa ɗaya, suna da gundura, su ne kuma ainihin maganin. A kasuwa ma ka nemi a mayar da kai wajen ƙirga ko tsaron kaya na ɗan lokaci, ka yi wa maigidanka bayani tun kafin ƙafar ta zame maka da buhu a ka.

In likita ya sallame ka, komawar daki-daki ce. Ukemi kai kaɗai da farko, sai ucikomi a tsaye wuri ɗaya, sai da tafiya, sai nagekomi kana kayarwa, sannan a fara kayar da kai. Bayan nan newaza, wato kokawar ƙasa, mai sauƙi daga durƙushe in gwiwa ta yarda, sai randori da babba guda ɗaya da ka amince da shi. Kowane mataki ka ba shi aƙalla mako ɗaya. In ka wayi gari gwiwa ta kumbura ko ciwo ya dawo, ka sauko mataki ɗaya. Kafin randori na sosai, ƙafar da ta ji ciwo ta iya tsugunno da tsalle ita kaɗai kusan daidai da mai lafiyar, ba ta rawa, ba ta karkata ciki. Takalmin gwiwa na roba da ake sayarwa yana ɗumama wurin, yana kwantar da hankali, amma ba ya riƙe gwiwar da jijiyarta ta tsinke, kuma mai ƙarfe a jiki ba a shiga gasa da shi.